Sandar Abbana

"Ka yanke ta?!"

Ko sallama ban yi ba na banko ƙofar shagon, mayafina na jan ƙasa.

Yana tsaye gaban teburin aikinsa da zarto a hannu. Kusa da ƙafarsa ga guntun ƙarfen sanda a yashe.



"Innalillahi... ashe da gaske ne! Sandar Abbana ka yanke?"

Bai yi gaggawa ba. Haka yake, ko gobara ce ta tashi sai ya mayar da abin da ke hannunsa muhallinsa tukuna. Ya rataye zarton, ya goge hannu da tsumma, sannan ya dube ni.

"Wa alaikis salam, Auta."

"Ni ban yi maka sallama ba!"

"Na sani. Na amsa ne tun da wuri, in kin huce sai ki yi."

"Mai Awo, wallahi ba wasa ne ya kawo ni ba..."

Ya nuna bango da haɓa.

Na juya. Ga ta can a rataye ita kaɗai, nesa da sauran sandunan, an naɗe kanta da farin ƙyalle. Tsawonta na nan. Mariƙinta na fata na nan, da gurbin babban yatsan Abba a jiki.

"Wannan guntun na sandar wani likita ne," ya ce.

Sai na fashe da kuka, wanda ya fi na farko.

Ya jawo mini kujera, ya koma can gefe ya tsaya, ya bar ni na yi mai isata.

"To, faɗa mini, hasken idona."

"Yaya Kyaftin ne... Ya zo gida ɗazu, a gaban Umma ya ce wa Abba ka datse sandarsa, wai har ka ce tsohon ƙarfe ce, bola ta dace da ita."

"Abba ya ce me?"

"Cewa ya yi kada in sake tako shagon nan. Maganar zuwan iyayenka kuma... ya ce a bar ta."

Ya sunkuya ya ɗauke guntun ƙarfen daga ƙasa. Iyakar abin da ya yi ke nan.

* * *

Abba ne ya koya mini wasan golf tun ban kai tsawon jakar sandunansa ba. Yakan ce duk bugun da ke cikin wasan nan ƙarfi yake so, ban da na ƙarshe, shi sai da sanyin zuciya. Sandar bugun ƙarshen, wadda ake tura ƙwallo rami da ita, 'yan wasa na ce mata fota. Ta Abba ta girme ni.

Da ciwo ya taɓa shi, hannunsa na dama ya fara rawa, sai ya daina zuwa fili. Ya daina ko maganar wasan. Ranar da ya miƙo mini sandar bai yarda mun haɗa ido ba.

"Ki ci gaba daga inda na tsaya," ya ce.

Na ci gaba, amma ƙwallo ta ƙi ni. Daga nesa ina kora ta kamar kowa, sai na zo bakin rami ta zame gefe tana mini gwalo. Wata abokiyar wasana ce ta gaji da ganin hawayena ta ce, "Ke, ki je a auna miki fota mana!"

Shagon Mai Awo da ta tura ni ɗan ƙarami ne, yana warin roba da man goge ƙarfe. An shimfiɗa doguwar ciyawar roba daga ƙofa zuwa bango, da rami a ƙarshenta.

"Tsaya yadda kika saba," ya ce. "Kada ki gyara don ina kallo."

Na buga, na sake bugawa. Shi ko sai zagaya ni yake shiru. Daga nan ya ajiye madubi a ƙasa, ya ɗora ƙwallo a kai, ya miƙo mini wata.

"Sunkuya kamar za ki buga. Riƙe wannan a tsakanin idanunki, ki sake ta."

Na sake ta. Maimakon ta faɗa kan 'yar uwarta, sai ta faɗi can kusa da ƙafata.

"Kin gani? Idonki ba ya saman ƙwallo. Sandar ta fi ki tsawo, ta tura ki baya. Dogon mutum aka yi wa ita."

"Abbana ne."

"To ba laifinki ba ne, ba kuma laifinta ba."

"Sai an yanke ke nan?"

"Ba na yanke sandar da mai ita bai ce in yanke ba. Taki zan haɗa miki. Ki bar mini wannan in ɗauki nauyinta, tunda hannunki ya saba da shi."

Awon da wasu ke gamawa a zama ɗaya, nawa ya ƙi ƙarewa. Yau a gwada kaurin mariƙi, gobe a gwada nauyin kai, jibi a duba ko hannuna a miƙe yake tafiya ko lanƙwasa yake yi. Ni kuwa bakina ba ya shiru. Na ba shi labarin Umma, na makaranta, na ciwon Abba. Shi dai "uhm" kawai, sai jefi-jefi ya jefo tambaya.

"Wane hannun ne?"

"In ya riƙe kofi, rawar ƙaruwa take ko raguwa?"

Har haushi nake ji, ina cewa a raina wannan mutum tef ɗinsa na awo kawai yake saurare.

Sai wata rana yana naɗe tef ɗin, kansa a ƙasa, ya ce, "Auta, tun tuni fa na gama awonki."

"To me nake zuwa yi?"

"Rasa yadda zan ce miki ki ci gaba da zuwa na yi."

Na rufe fuska da mayafi. Daga ranar ya zama Mai Awona.

Yaya Kyaftin kuwa ɗan Goggo ne, shi ne kyaftin ɗin kulob ɗinmu. Ya daɗe yana mini kewaye-kewaye da maganar aure. Ya taɓa kawo mini fota sabuwa fil a kwali, na yi godiya, na tura ta ƙarƙashin gado. Ashe bai manta ba.

* * *

Na share hawaye na miƙe.

"Ba ni ita in kai masa, ya gani da idonsa."

"A'a."

"A'a kuma?"

"Ni aka ba amana, ni zan mayar. Ki yi gaba, ina bayanki."

"Zai kore ka fa!"

"In ya kore ni, babba ne ya kori yaro. Ba a mutuwa da wannan."

Ina kallo ya ɗauki 'yar jaka ya jefa wasu tarkace a ciki. Ban tambaya ba.

Da la'asar ya yi sallama a falonmu. Abba na kan kujerarsa, hannun dama a ɓoye ƙarƙashin na hagu kamar kullum. Umma na zuba shayi. Yaya Kyaftin ma bai tafi ba, ya harɗe ƙafa yana kaɗa mukullin mota. Ni kuwa na laɓe bayan labule.

Mai Awo ya durƙusa har ƙasa ya gaishe su. Abba ya amsa ciki-ciki.

Mai Awo ya warware farin ƙyallen, ya miƙa sandar da hannu biyu.

Abba ya karɓa. Ya shafa ta daga kai har mariƙi. Ya dafa ta a ƙasa, ya ga ta kawo masa inda ta saba kawowa. Sannan ya juya a hankali.

"Kyaftin."

"Na'am, Kawu."

"Da idonka ka ga an yanke ta?"

"To... wato... wani ne ya ce mini..."

"Wani."

Mukullin ya daina kaɗawa.

"Tashi ka je. Ka gai da mahaifiyarka."

Umma ta ce, "Ga shayinka ko kurɓa ba ka yi ba." Amma tuni ta janye kofin daga gabansa.

Na ɗauka shi ke nan. Ashe da saura.

"Ba ka yanke ba, na gani," in ji Abba. "Amma ita ta faɗa mini da bakinta, ka ce sandar nan ba ta dace da ita ba. Abu ɗaya da na iya ba 'yata daga wasan nan, shi ka raina."

"Ban raina ba, Abba. Cewa na yi ba tata ba ce."

"Ta wa ce?"

"Taka ce. Har yanzu taka ce."



Abba ya zaro hannun da yake ɓoyewa, ya ɗaga shi sama. Yana karkarwa kamar ganye. Tunda ciwon ya same shi ban taɓa ganin ya nuna wa baƙo shi ba.

"Da wannan? Ba'a ka zo yi mini a gidana?"

"Allah ya kiyaye, Abba. Auta ta ce in ka riƙe cokali rawar ƙaruwa take, in ka riƙe babban kofi cike da ruwa sai ta lafa. Haka ne?"

Na toshe bakina. Ashe duk yana ji!

Abba ya harari labulen. "Wannan yarinya ba ta bar komai a cikinta ba."

"Gado ta yi," in ji Umma.

"Mariƙin nan siriri ne, yatsu ke riƙe shi, su kuwa yatsun ne ke rawa," Mai Awo ya ci gaba a hankali. "In ya yi kauri, tafin hannu zai riƙe, kafaɗa ta yi aikin. In an ƙara nauyi kuma, sandar ba za ta biye wa rawar ba. Ban ce zai warke ba, Abba. Ban ma ce ƙwallo za ta shiga ba. Izini kawai nake nema in gwada. Duk abin da zan sa, ana cire shi."

Abba ya daɗe yana kallon sandar.

Bai ce e ba. Miƙa masa kawai ya yi.

Mai Awo ya buɗe jakar. Ya naɗe mariƙin da bandeji, zagaye bayan zagaye, har ya yi kauri. Ya manna 'yan ɓallin dalma a bayan kan. Ya dubi Umma cikin jin kunya.

"Umma, a ara mini kofi?"

Ta zubar da shayin Kyaftin a tire, ta miƙa masa kofin. Ya kwantar da shi a kan kafet can kusa da ƙafar tebur, ya ajiye ƙwallo a gaban Abba.

Abba ya miƙe.

Ya tsaya yadda na san shi tun ina yarinya, ƙafa a ware, kai a sunkuye. Sandar ta zauna masa daram.

Ya buga. Ƙwallon ta wuce ta shige ƙarƙashin kujera.

"Kun gani ko," ya ce, zai ajiye.

"Kada ka matse ta, Abba. Bar ta ta rataya."

Ya ajiye masa wata. Wannan ta goga bakin kofin ta kauce.

Abba ya gyara tsayuwa. Da kan sandar ya jawo wata ƙwallon da kansa.



Ta gangara a hankali, a hankali, kamar mai tunani...

Ƙwal!

Ban san lokacin da na yaye labulen na fito da gudu ba.

"Abba! Abba, ta shiga!"

Na rungume shi. Ina jin hannunsa na rawa a bayana, amma bai ɓoye shi ba. Umma ta juya tana goge ido da gefen mayafi, wai tururin shayi ne.

Abba ya yi gyaran murya ya zauna, sandar a kan cinyarsa.

"Kai, yaro."

"Na'am, Abba."

"Wannan bandejin kamar an ɗaure wa jaki ƙafa. Ka tafi da ita ka sa mata na gaske."

"To, Abba."

"Amma tsohuwar fatar ka dawo mini da ita."

"Ko zare ba zai ɓata ba."

"Ita kuma wannan mai surutun, ka ƙarasa mata tata."

"An kusa, Abba."

Ya tattara kayansa ya durƙusa zai yi sallama. Har ya kai ƙofa Abba ya ce, ba tare da ya ɗago ba, "Iyayen naka... ka ce musu ina gida. Sai dai kada su zo da safe. Da safe ina fili."

Na koma bayan labule da gudu. Wannan karon kunya ce ta kai ni.

* * *

Bayan bikinmu ya damƙa mini tawa. Gajeriya ce, daidai ni, da nauyi irin na ta Abba.

Ranar da zan fara fita da ita muka biya shago da sassafe. Ya ajiye madubin nan a ƙasa, ya ɗora ƙwallo, ya miƙo mini wata.

Na sunkuya, na riƙe ta tsakanin idanuna, na saki.

Ƙas! Ta faɗa kan 'yar uwarta.

A cikin madubin na hango fuskarsa ta saman kafaɗata.

"Me kika gani, amaryata?"

"Idona na kan ƙwallo."

"Madalla."

"Naka fa, Mai Awona? Ba na jin ƙwallo yake kallo."

"Ni ai na gama nawa awon tuntuni..."

Sai ga hon a waje, har sau uku, da muryar Abba ta tagar mota.

"Ku fito mana, rana na yi! Ko tsoro kuke ji tsoho ya cinye ku?"

Mai Awona ya ɗauki jakar sandunana, na ja mana ƙofar.