Batir Mai Jan Ƙyalle

"Kowa ƙasa! Wanda ya ɗago kai, uwarsa ta haifi wani!"

Gatari ne ya fara faɗawa cikin shagon, bindiga a gaba, fuska naɗe da baƙin ƙyalle. Yaronsa, wanda ake kira Shiru, na biye da shi. Fiyus ne na ƙarshe. Direba na waje cikin farar bas, inji a kunne.

Hantsi ne, rana ko zafi ba ta yi ba. Mutum biyu da suka kawo cajin waya suka zube rub da ciki, ɗaya har da salati.

Shagon Anti Mai Caji ne. Tun da tiransifomar unguwar ta ƙone aka manta da su, shagon nan ya zama wutar kowa. Faifan sola jere a kan rufi, ciki kuma kantoci cike da batura masu hannu, kowanne kamar ƙaramar akwati da soket a gaba. Da safe masu haya su dawo da su a mace. Rana ta wuni tana cika su. Da la'asar tela da mai aski da matan gida su zo su ɗauka.

Fiyus ya san wannan tsarin kamar tafin hannunsa, don shi ya kai wa Gatari labarin shagon. Mai gyaran wuta ne da aiki ya guje wa. Ubansa ya ƙare ƙarfinsa a wurin fasa dutse, ƙura ta cinye masa huhu, yanzu da injin oksijin yake numfashi, injin kuma da batirin Anti yake rayuwa. Fiyus ya gaji da ganin numfashin ubansa a hannun haya. Gatari ya yi masa alkawarin manyan batura biyu da faifan sola, nasa na kansa. Wai shi Fiyus mai dabara.

Da la'asar aka shirya za a yi aikin, lokacin da komai ya cika. Da safen nan Gatari ya canza, wai 'yan sintiri sun koma tsayawa a mararraba da yamma.

"Oga, da safe duk a mace suke," Fiyus ya ce masa a mota.

"Mai saye batir zai saya, ba caji ba. Rufe min baki."

Sai Fiyus ya kwantar da hankalinsa da abu ɗaya. Akwai babban batir da Anti ke ɗaura wa jan ƙyalle a hannu. Na Babansa ne. Shi take fara cikawa kafin na kowa, ta ɓoye a ƙarƙashin teburinta don kada wani ya roƙa. Na gida zai kai la'asar. Wannan zai ɗauka ya kai kafin lokacin.

Su Shiru na kwasar na kan kantoci, shi ya zarce ƙarƙashin tebur kai tsaye. Ya kama hannun batirin ya ja.

Bai taho ba. Anti ta riƙe ɗaya gefen da hannu biyu.

"Ku kwashe duka, na yafe," ta ce. "Ban da wannan. Na mara lafiya ne. Tsoho ne, da shi yake numfashi. Don girman Allah."

Fiyus bai iya magana ba, ta san muryarsa. Ya ƙara ja. Ta ɗago ta kalli idonsa ta tsagar ƙyallen, kallon ya daɗe.

"Me kake jira?" Gatari ya daka tsawa. "Shiru, raba su!"

Tau! Tau!

Harsashi ɗaya ya shiga kafaɗarta. Ɗayan ya huda batirin. Wani huci ya taso, farin hayaƙi mai ɗaci ya turnuƙe, sai harshen wuta, bal!

"Ware! Ware!" in ji Gatari.

Shiru ya fizgi wuyan rigar Fiyus ya jefa shi cikin bas. Direba ya take mota. Ta gilashin baya Fiyus ya ga mutane na janyo Anti daga cikin hayaƙi, ƙafafunta na jan ƙasa.

*

Maɓoyarsu wani tsohon gareji ne bayan gari, rufin kwano, ba taga. Gatari ya garƙame ƙofar, ya karɓi wayar kowa ya kashe ya zuba a aljihu.

"Ba mai fita sai duhu ya yi. Ko fitsari, ga galan can."

Fiyus bai saurare shi ba. Ya durƙusa gaban tulin baturan yana danna maɓallinsu ɗaya bayan ɗaya. A mace. A mace. Wannan ya yi ƙyaf ya mutu. Gumi na ɗiga daga haɓarsa. Can ƙasa ya samu guda mai nuna layi uku na caji, na wani da bai shanye cajinsa ba jiya. Ya rungume shi.

"Yauwa, injiniya, ka samo mana," Gatari ya ce. "Kawo nan, zafi zai kashe mu."

"Oga, wannan nawa ne. Cikin biyun da ka ce."

"Rabo sai an sayar. Kawo."

Aka jona fanka. Gatari ya cire riga ya baje a gabanta yana lumshe ido. Fiyus ya zauna nesa kaɗan, idonsa a kan 'yan layukan nan masu kore. Tsoro yake ji, irin wanda bai taɓa ji ba ko da bindiga a kansa.

*

A gida, yayarsa ta ji labarin fashin tun kafin azahar. Ta bi maƙwabta gida gida. Mai janareta ɗaya ne a layin, nasa kuma yana wurin bakanike a kwance. Ta kira wayar ƙaninta har yatsanta ya gaji. A kashe.

Ta dawo ɗakin. Baba na kishingiɗe da filo uku, siririn tiyo a hancinsa, injin na gurnani a gefen gado. Layi ɗaya ya rage a batirin.

"Ina Auta?" Haka ake kiran Fiyus a gida.

"Ya fita aiki, Baba."

"Aiki. To Allah ya sa wannan karon kada ya ƙona wa mutane firij." Ya yi dariya, dariyar ta koma tari. Da ya lafa ya dube ta. "Fuskarki ba daidai ba. Me ya faru?"

"Ba komai. Zafi ne."

"Ke tun kina goye ba ki iya ƙarya ba."

Ta juya baya tana gyara labule, don kada ya ga idonta.

*

Sai da rana ta karkata Anti ta farfaɗo a asibiti. Sufeton 'yan sanda na zaune gefen gadon, wani dattijo mai furfura da ya gaji da ganin irin wannan, Kofur na tsaye a bakin ƙofa.

"Sannu, baiwar Allah. Su nawa ne?"

"Ƙarfe nawa yanzu?"

"La'asar ta kusa. Kin gane wani a cikinsu?"

Ta yunƙura za ta tashi, nas ta danne ta. "Yallaɓai, akwai tsoho a layin bayan shagona, gida mai shuɗin ƙofa. Injinsa zai mutu yanzu. Batirinsa ne ya ƙone. Ku je."

"Waɗanda suka kwanta a shagon sun ce ɗaya daga cikin ɓarayin bai taɓa kantocin ba. Ƙarƙashin teburinki ya nufa. Wa ya san akwai abu a wurin?"

Anti ta rufe ido. Hawaye ya gangaro zuwa kunnenta.

"Ku je ku duba tsohon, Yallaɓai. Sauran maganar ba ta gudu."

Sufeto ya dube ta jim, ya ɗauki hularsa.

*

A gareji layi uku ya koma biyu. Fiyus na lissafi a ransa: fanka ba ta da ci, in aka bar shi haka zai riƙe injin har dare. Sai ya ga Shiru ya zaro hita daga jaka, ya tsoma a kofin ruwa, ya nufi soket. Shayi zai dafa.

"Kada ka jona wannan!" Fiyus ya miƙe. "Hita ce, shanye shi za ta yi!"

Shiru ya jona. Ko kallonsa bai yi ba.

Fiyus ya zube gaban Gatari. "Oga, tsohona ne. Wanda matar nan ta ce, Babana ne. Yanzu haka na gida ya ƙare. Ka bar ni na kai masa, wallahi na dawo. Na yafe rabona duka."

Gatari ya buɗe ido ɗaya. "Au, shi ya sa ka tsaya kokawa da mace? Kowa nan da tsohonsa, yaro. Ka fita a kama ka, ka zo mana da baƙi? Zauna."

"Oga, a bar shi ya je," Direba ya sa baki daga inda yake. "Mutuwar uba ba wasa ba ce."

"Kai kuma wa ya tambaye ka?"

Ruwan kofin ya fara tsuwa. Layi biyu ya koma ɗaya, a kan idon Fiyus.

Bai yi shawara da kowa ba. Ya fizge wayoyin, ya ɗaga batirin da hannu biyu, ya sauke shi a gefen kan Gatari, ƙum! Gatari ya kife. Ruwan zafi ya watsu a cinyar Shiru, ya yi tsalle yana laluben bindiga.

"Ga makulli!" Direba ya zare shi daga ƙugun Gatari, ya ruga ya buɗe kwaɗon. "Babur na bayan katanga. Fece!"

Tau!

Direba ya dafe ƙofar, ya sulale a jikinta.

Tau! Wani zafi ya ratsa cinyar Fiyus. Bai tsaya ba. Ya haye babur, batir a kan tanki, ya danne shi da ƙirji. Ya ba shi wuta. Ya ratsa kasuwa, ya ture teburin mai lemu, ya hau hannun da ba nasa ba. Ana zaginsa, bai ji ba. Jini na cika masa takalmi.

Da ya karyo kwanar layinsu, ya taka birki. Motar 'yan sanda ce a ƙofar gidansu.

Hanya a buɗe take a bayansa. Ba wanda ya gan shi. Ya tsaya, ƙafa ɗaya a ƙasa, injin babur na bugawa. Daga nan yana iya jin shirun gidan. Gurnanin nan da aka saba ji har waje, babu shi.

Ya yar da babur ɗin, ya saɓi batirin.

Kofur ya tare shi a zaure. "Kai, tsaya nan!"

"Bar shi ya wuce," Sufeto ya ce daga ciki.

Baba na kwance, baki buɗe, leɓɓansa sun yi duhu. Yayar na yi masa fifita da marfin kwali tana kuka. Sufeto ya kira motar asibiti mai oksijin tun isowarsu, ba ta zo ba, kuma sun ji tsoron ɗaga shi haka.

Fiyus ya durƙusa, ya cire filogi daga mataccen batir ya soka a wannan. Hannunsa na santsi da jini. Ya danna. Injin ya yi tari, ya kama gurnani.

Ƙirjin tsohon ya ɗaga. Ya sake ɗagawa. Can ya buɗe ido. Ya kalli ɗansa, ya kalli jinin, ya kalli mutanen da ke tsaye da kaki. Sannan ya kalli batirin, da lambar shagon Anti da aka rubuta da farin fenti a jikinsa, da gashin kan mutum manne a kusurwarsa.

"Auta," ya ce da ƙyar. "Na wa ka ɗauko?"

"Baba, ka yi numfashi kawai."

"Na wa?"

Fiyus ya kifa goshinsa a gefen katifa. Tsohon ya janye hannunsa daga kusa da kan ɗan, ya ɗora a cikinsa.

Layin ƙarshe ya fara ƙyaftawa. Dukansu suna kallo, ba mai abin yi. Bai daɗe ba injin ya yi ƙara sau uku ya yi shiru.

"A ɗauke shi," in ji Sufeto. "Ba sauran jira."

Suka sa shi a bayan motar, kansa a cinyar 'yarsa. Fiyus na ƙasa wajen ƙafafunsa, ankwa a hannu. Ba a tambaye shi ba, da kansa ya kwatanta wa Sufeto garejin, ƙofar, har inda Shiru ke ajiye harsashi. Jiniya na kuka, motoci na ba da hanya. Ba su kai rabin tafiya ba yayar ta daina fifita. Ta sa tafin hannu ta shafe idon Baba.

A yammacin aka kewaye garejin. An tarar da gawar Direba a bakin ƙofa. Shiru ya ƙi ajiye bindiga, aka harbe shi a kan katanga. Gatari aka fito da shi a raye, kai kumbure, yana rantsuwa da kaburburan iyayensa cewa Fiyus ne ya kitsa komai, kuma a wannan karon bai yi ƙarya sosai ba. Anti ta rayu, hannun dama ya shanye, shagon ya zama toka. Unguwar ta koma duhu. Tela ya rufe, mai aski ya koma reza.

An binne Baba washegari, Fiyus na gadon asibiti da ankwa ɗaure da ƙarfen gado. Sau ɗaya yayarsa ta zo, bayan an mayar da shi gidan yari. Ba ta zauna ba. Ta tsaya a bayan wayar ƙarfen tana kallonsa, ta rame, idonta ya bushe.

"Yaya, don shi na yi. Wallahi don shi na yi. Na ga kullum haya, kullum jira..."

"Ba ranar da matar nan ta bar mu muka kwana babu wuta," ta ce a hankali. "Da ka bar mu da hayarmu, Auta."

Ta ajiye masa kayan sawarsa a leda wurin gandiroba, ta fita ba ta waiwayo ba.