Rigar Sajan Isom

"Cire rigar nan, Cornell!"

Danitra ta tare shi a bayan dandamali, yana gama jawabi. Can kan titi ganguna na tashi, hayaƙin gasasshen nama ya turnuƙe ko'ina, duk mutanen garin Galveston sun fito bikin sha tara ga Yuni, ranar 'yancin bayi.

"Haba masoyiyata... ba ki ji tafi ba? Har kuka mutane suka yi!"

"Na ji. Na kuma ji ka ce mai rigar kakanka ne!"

Ya sunkuyar da kai yana wasa da maɓallin tagulla.

Shuɗiyar rigar ta Sajan Isom ce, tushen zuri'ar su Danitra. Bawa ne da ya tsere daga gonar auduga ya shiga soja, kuma yana cikin baƙaƙen sojojin da suka sauka garin nan aka shelanta cewa bauta ta ƙare. Kaka Eula, wadda ta raini Danitra, ita ke ajiye da rigar a akwati. Ranar biki kaɗai take buɗewa, kallo kawai, ba a taɓawa.

Cornell kuwa takarar kansila yake yi. Ya daɗe yana lallaɓa Danitra, ya rantse cikin gilashi zai sa rigar, ya kira sunan Kaka a gaban jama'a. Saboda son da take masa ta ɗauko ta a ɓoye, ranar da tsohuwar ta tafi coci.

"Ko sunanmu ba ka ambata ba..."

"Zuciyata, wata biyu ya rage aurenmu. Kakanki ai kakana ne! Mutane jikan soja suke son gani, meye laifi a ciki?"

"Juya in ga bayanka, yaro."

Duka suka waiwaya. Kaka Eula ce tsaye, ta dogara da sandarta. Ashe tana sahun gaba, ta ji komai.

Ya juya a hankali. Kafaɗar rigar ta yage har zuwa tsakiyar baya.

Tsohuwar ta daɗe tana kallo. Ba ta ɗaga murya ba.

"'Yar nan, ke kika ba shi?"

"Ni ce, Kaka..."

Hawaye suka ɓalle mata. Sai wani abu ya faɗo mata a rai. A bikin bara suka haɗu da Cornell, daidai lokacin da Kaka ke ba mutane labarin Sajan Isom. Yana tsaye yana saurare, ana watsewa ya biyo ta da kofin jan lemo.

"Cornell, faɗa min gaskiya. Ni ka gani ranar nan, ko labarin ka ji?"

"Danitra, daga baya wallahi na so ki..."

"Daga baya!"

Ta zare zoben baikon ta saka masa a tafin hannu. Ta cire masa rigar da kanta, a hankali, don kada yagewar ta ƙaru.

"Don Allah ki saurare ni, rabin raina..."

Ba ta ko kalle shi ba.

Suka koma gida ita da Kaka. Danitra ta durƙusa a gabanta tana shessheƙa.

"Ki yafe min, Kaka. Na ci amanarki saboda wanda bai..."

Kuka ya ci ƙarfinta. Tsohuwar ta shimfiɗa rigar a kan cinyarta, ta laluba cikin gwangwani ta miƙo mata allura da zare.

"Idona ba ya ganin kafar allura yanzu. Share hawayen nan, kada ki jiƙa wa Sajan riga. Matso kusa da ni."

Waya na ta ruri a kan tebur, Cornell ne ke kira. Danitra ta kife ta, ta matsa jikin kakarta, ta zura zare.