Ranar da Allo Ya Daskare

Da hantsi ne, gari ya yi lumshi, yayyafi na sauka a hankali, Auta tana durƙushe a bayan kicin tana wanke tukwane, alhali lokacin intabiyunta ya gabato. Allah sarki marainiya! Tun rasuwar mahaifinta take gidan Kawu, ita ce shara, ita ce wanki, da ragowar lokacin ta yi karatun kwamfuta. Yau wani kamfanin manhaja zai tantance mai kula da ayyukansa ta bidiyo, kujera ɗaya ce, waɗanda suka rage kuwa ita ce da Gimbiya, 'yar Kawu.

"Mami, don Allah in ƙarasa in an gama..." ta ce da matar Kawu.

"Manajar tukwane! Ƙarasa min aikina tukun, kamfanin ba na ubanki ba ne."

Haka ta haɗiye kukanta ta gama. Ta je ɗauko rigar da ta goge tun jiya, ta tarar an jiƙa ta a bokiti. Ta zo zama a falo, Mami ta ce baƙi za ta yi. A sito ta ƙare, tsakanin buhuna da tsohuwar katifa, ta ɗora kwamfutar marigayi mahaifinta a kan kwali, ta rufe tsohuwar rigarta da mayafi.

Fuskoki suka bayyana a allo, har da Gimbiya daga ɗakinta na sama, ta sha kwalliya. Shugabar masu tantancewa, wata dattijuwa mai tabarau, ta ce, "Ke Auta, idan ma'aikatanki suka kasa gama manhaja a ranar da kika yi wa mai aiki alkawari, me za ki yi?"

Auta ta yi bismilla a ranta. "Ranki ya daɗe, ba zan jira ranar ba, zan kira shi tun..."

Allon ya daskare! Fuskar dattijuwar ta tsaya cak, sannan komai ya ɗauke. Ta danna nan, ta danna can, babu intanet. Wayarta kuwa ƙarama ce mai maɓalli, ba ta hawa intanet. Ta fito da gudu ta sami kabad ɗin da na'urar intanet take ciki a kulle, Mami zaune a gefe tana yankan farce.

"Mami, ki ji tausayina, ki dubi maraicina..."

Mami ko ɗago kai ba ta yi ba. Auta ta koma sito ta kifa kai a kan kwali, hawaye wani na bin wani. "Ya Allah, ba ni da kowa sai Kai. Baba, na yi iya yina..."

Bayan la'asar, tana zuba wa Kawu shayi, ƙaramar wayar ta yi ƙara. Lasifikarta ta lalace, in ana magana kowa na ji. Dattijuwar ce.

"'Yata, kina katsewa muka ba da hutu. 'Yar'uwarki ta koma kan intanet ɗin wayarta, ta kashe kyamara, amma ta manta makirufo a buɗe. Da kunnenmu muka ji tana cewa, 'Mami, kin cire wayar intanet ɗin? Bar shegiya ta yi ta kuka.' Mun cire sunanta, ba ma ba maƙetaci amanar mutane. Gobe ki zo ofis da ƙafarki ki ƙarasa mana amsarki, farkonta ya yi mana."

Kofin Kawu ya tsaya a iska. Ya dubi matarsa, ya dubi Gimbiya da ta sandare a kan matakala, idonsa ya kaɗa ya yi ja. "'Yar ƙanwata? A gidana?" Ya miƙa hannu, Mami ta ba shi makullan gidan. "Auta, gobe ni zan kai ki." Sai a lokacin Auta ta fashe da kuka mai sauti.

Da magariba ta wuce ta ƙofar Gimbiya, ta jiyo shessheka da "wayyo kaina". Ta sauka ta ɗebo ruwa a kofi da maganin ciwon kai, ta ajiye a bakin ƙofa, ta ƙwanƙwasa. Hannu ya leƙo ya ɗauka, aka mayar da ƙofa aka rufe.