Curin Sukarin Fas

Assalamu alaikum. Ku yi mini afuwa tun kafin ku fara. Ni mai karance-karance ce kawai, ban taɓa rubuta labari ba, wannan ɗin ma sau huɗu ina yaga shafin farko. In kun ga kuskure ku rufa mini asiri.

*

"Batul, dubi nan. Ki ce mini ƙarya ne!"

Muhsin ya miƙo wayarsa har tana neman taɓa mata hanci. A zauren gidan su Batul suke, nan Kwarbai, bayan la'asar. Kwananta biyu kacal da dawowa daga Maroko, inda ta yi wata tara a birnin Fas tana koyon gyaran tsofaffin littattafai. Ta ci kwalliya don tarbarsa, amma ko kallon lallen hannunta bai yi ba.

Ta dubi hoton. Ita ce tsaye a tsakar gidan da ta zauna, rungume da curin sukari guda biyu, dogaye masu tsini, naɗe cikin shuɗiyar takarda. Ga Lalla Zuhur, uwar gidan, a damarta. Ga ɗanta Idris a hagu yana dariya.

"Hoton ranar da zan taho ne. Me ya faru?"

"Me ya faru? Ibtisam ta bincika. Ta ce a ƙasar can, da irin wannan sukarin ake zuwa neman aure. Ta nuna wa Hajiya, ta nuna mini. Kin karɓa da hannu biyu, Batul, kina murmushi!"

Ibtisam ke nan, 'yar ƙanwar Hajiyarsa, wadda tun suna Islamiyya take wanke masa hula ba tare da ya sa ta ba.

"Kai kuma ka yarda?"

"Ban ce na yarda ba..."

"Ka yarda mana, Yaya Muhsin. Da ba ka yarda ba, da ka fara tambayata gajiyar hanya."

Ya sauke kai. "Hajiya ta ce maganar turowa ta tashi. Da ma tun farko ba ta so kika je kika tare a gidan mutanen da ba a san asalinsu ba. Ta ce kada ki taka mata gida. Masoyiyata, ki yi mini bayani in je in rarrashe ta."

Hawaye suka ciko mata ido, ta mayar da su da ƙarfi.

"Ba kai zan yi wa bayani ba. Amana aka ba ni, kuma ba taka ba ce. Gobe da hantsi ina nan zuwa."

"Ta ce kada ki zo fa!"

"Na ji. Ina nan zuwa."

Ta juya ta shige gida.

A ɗaki ta jawo akwati ta fito da sukarin, ta ɗora a cinya. Ƙamshin na'ana'a bai bar takardar ba. Sai ga Fas ta dawo mata ɗungurungum. Lungunan nan masu ƙunci, tamkar na cikin birnin Zazzau, sai dai can jakuna ke kauce wa mutane, nan 'yan acaɓa. Ta tuna yadda kowace safiya take ɗaukar katakon burodi a ka zuwa gidan gashi, matan unguwa na yi mata dariya don ba ta riƙewa da hannu. Ta tuna kuskus ɗin Juma'a, akushi ɗaya mutum takwas, Lalla Zuhur na turo mata nama ta gabanta tana cewa, "Ci, 'yata, kada mutanenku su ce na rama ki." Ranar da ta yi musu miyar kuka kuwa, Idris ya sha cokali ɗaya ya nemi ruwa, matarsa Su'ad ta side tukunya.

Matarsa! Ita ce ma ta ɗauki hoton. Batul ta yi 'yar dariya mai ɗaci.

Gari ya waye, ta sa dogon hijabi, ta zuba sukarin a jaka. Ummanta ta tare ta a bakin ƙofa.

"Ke Batul, matar da ta ce kada ki je mata gida? Ki bari mahaifinki ya dawo a san abin yi."

"Umma, in ta kore ni bayan na miƙa saƙon, ba komai. Amma saƙon nan sai ya isa."

Ta tari keke napep zuwa Tudun Jukun. Duk ramin da aka faɗa sai ta ƙanƙame jakar a ƙirji, don ta ratso da sukarin nan jirgi biyu da motar Kano bai fashe ba.

Hajiya Tayyiba na zaune a kan darduma a falo, carbi a hannu. Sati biyu ke nan da fitarta takabar mijinta, Malam Kabir, wanda ya rasu Batul tana can. Ibtisam na gefenta tana yanka alayyafo. Muhsin na tsaye a bakin ƙofa kamar wanda aka kafe.

Batul ta durƙusa har ƙasa. "Hajiya, ina kwana? Ya ƙarin haƙuri?"

Hajiya ta ci gaba da jan carbinta.

"Lallai ma!" in ji Ibtisam. "Amaryar Larabawa da kanta. Inna, kin ga har kayan ta kawo mana mu gani."

Batul ba ta ko kalle ta ba. Ta fito da curin biyu ta ajiye a gaban Hajiya. Sannan ta fara magana.

"Hajiya, abin da Ibtisam ta faɗa gaskiya ne, suna kai shi neman aure. Amma rabin karatun ta yi. Watana biyu da zuwa, yayan Lalla Zuhur ya rasu a ƙauyensu, can kan duwatsu. Muka shiga jirgin ƙasa, muka sauka muka hau wata tsohuwar mota, awa shida muna hawan dutse ina amai. Da muka isa, duk macen da ta shigo gaisuwa da irin wannan curin a hannunta. Na tambaya, Lalla ta ce, gidan da ɗaci ya shiga, da zaƙi ake zuwa masa."

Yatsun Hajiya suka tsaya a kan carbin.

"Ranar da aka bugo mini rasuwar Baba Malam, a soron gidan na zauna ina kuka. Shi ya koya mini riƙe alƙalami, shi ya roƙi mahaifina ya bar ni in tafi. Lalla ta hau ta same ni. Ba ta san shi ba, amma ta tara 'ya'yanta suka yi masa sauka. Da zan taho ta ce, ki kai wa matarsa wannan hannu da hannu."

"Tatsuniya!" Ibtisam ta ajiye wuƙa. "Inna, wa ya gani?"

"Akwai takarda a cikin naɗin," in ji Batul. "Ban buɗe ba. Ba tawa ba ce."

Hajiya ta ja curin gabanta, ta warware takardar a hankali. Wata 'yar wasiƙa ta faɗo. Ta ɗaga ta saitin taga, ta daɗe tana kallo.

"Ikon Allah..." ta faɗa a ƙasan maƙoshi. "Irin rubutunmu na allo ne. Dubi ɗigon fa'un a ƙasa. Haka Malam yake yin nasa."

Ta miƙa wa ɗanta. "Idona ba ya gani sosai. Kai da ka iya kawo mini labarin waya, karanta mini wannan. Da ƙarfi."

Muhsin ya karɓa, yana karanta Larabcin yana mayarwa da Hausa.

"Zuwa ga 'yar'uwata da ban taɓa gani ba. Ni ma na binne miji, na san yadda ɗaki yake faɗi bayansu. Allah ya jiƙan Malam. 'Yarku ta zauna da ni wata tara, ban ga abin ƙi ba, sai dai ba ta iya cin zaitun. Maƙwabta biyu sun tambaye ni ita, ta ce in gaya musu an riga su, akwai wani..."

Ya tsaya. Ya ƙura wa takardar ido.

"Ci gaba," in ji Hajiya.

"...akwai wani Muhsin."

Batul ta ja hijabi ta rufe fuska. Ibtisam ta tattara alayyafonta ta ce bari ta duba wuta, alhali ba a ɗora komai ba.

Hajiya ta share ido da gefen mayafi. "Batul."

"Na'am, Hajiya."

"Na hana ki gidana, kika zo."

"Ki gafarce ni. Amana ce."

"Tashi ki shiga kicin ki dafa mana shayin nasu. In ji ko da gaske wani abu kika koyo."

Tana tsaka da wanke na'ana'a ta ji motsi a bayanta.

"Batul... hasken idona. Na yi kuskure."

"Ka yi."

"Ki yafe mini."

"Tukuna. Sai ka tambaye ni gajiyar hanya."

Ya yi dariya, idanunsa jawur. "Ya gajiyar hanya, ranki ya daɗe?"

"Ta bi lafiya," ta ce, tana ɓoye murmushi a bayan butar shayi.

"Muhsin!" Muryar Hajiya ce daga falo. Ya fita da sauri.

Batul ta ɗaga butar sama ta tsiyaya kamar yadda Lalla ta koya mata, har kumfa ta taso a kofunan. Ta ɗauko faranti, ta iso bakin labule, sai ta ji Hajiya na magana.

"Wannan ɗaya nawa ne, na ta'aziyya, a fasa mini shi. Ɗayan kuma kada wanda ya taɓa. Ba Ibtisam ta ce da shi ake neman aure ba? To, ta yi mana karatu, mun gode. Ka kira mini Baffanka Aminu. Jibi su ɗauke shi su haɗa da goro, su kai wa Malam Muntasir a Kwarbai."

Sunan mahaifinta ke nan.

Ta tsaya cak a bayan labule. Kunya ta lulluɓe ta tun daga ka har tafin ƙafa. Ina za ta iya shiga falon nan yanzu?

Ta durƙusa a hankali ta ajiye shayin a bakin ƙofa, tururi na tashi. Ta ɗauki takalmanta a hannu don kada su yi ƙara, ta bi gefen katanga, ta zare sakatar ƙofar gida kamar mai tsoron tada jariri.

Kafin Hajiya ta ce, "Wai ina shayin nan ne?" Batul ta riga ta sha kwanar layi.