Turaren da Ya Hana Fasa Ciniki

Ni direba ne, sunana Halliru. Kazaure zuwa Kano nake yi tun wasunku suna goye. Labarin da zan ba ku ba a rediyo na ji shi ba. Kwalayen mutumin nan a bayan motata suka yi ta tafiya, a bayan motata suka yi ta dawowa, sauran kuma shi ya faɗa min da bakinsa, bayan aikin gama ya gama.

Sunansa Sharfuddeen, yaro mai zafin nema. Ya yi boko ya gama, aiki ya ƙi samuwa. Matarsa Bahijja 'yar Babura ce, kakarta Babarbariya, a wurinta ta koyi haɗa turaren wuta da humra. In yarinyar nan ta jiƙa icce ta soya shi da sukari ta zuba miski, wallahi har maƙwabta sai sun leƙo. Shi ne ya ce wannan hannu ya fi ƙarfin gidajen bikin unguwa. Ya buɗe shago a wata kasuwar intanet, irin wadda mutum zai zaɓi kaya a waya, a kai masa har ƙofar gida, sannan ya biya.

Wannan "sannan ya biya" ita ta karya shi. Mace za ta yi odar kwalabe daga Abuja, Bahijja ta wuni a kan wuta, shi ya naɗe kwali da salatif ya kawo min tasha, ya biya kuɗin mota, ni na miƙa wa masu kai saƙo a Kano. Kaya suna hanya sai waya ta yi ƙara: an soke oda. Babu dalili, babu ban haƙuri. Kwali ya dawo a lotse, humra ta zube ta jiƙe turaren, ga kuɗin dawowa a kansa. Su kuma masu kasuwar ba ruwansu da wanda ya fasa, shagon da ake yawan soke wa oda suke turawa can ƙasa inda ba mai ganinsa.

Wata rana na sauke masa kwali a tasha, ya ɗaga, muka ji fasassun kwalabe suna ƙara a ciki. Ya tsuguna a wurin, idonsa jawur.

"Baba Halliru, wace irin rayuwa ce wannan? Mutum yana kwance a gidansa, da yatsa ɗaya zai rushe min wahalar mako. Sun ce in aka ƙara, rufe shagon za su yi."

Na ce, "Ka yi haƙuri, ɗana. Ko a kasuwar Kazaure mutum yakan taya ya fasa, a ce Allah ya ba mu alheri."

"A kasuwa ina ganin fuskarsa, Baba. Wannan ko muryarsa ban sani ba."

Ana nan sai ya yanke shawarar zuwa wurin wani boka. Ban san wanda ya yi masa kwatancensa ba. Abin da na sani, ya hau acaɓa daga Roni ya nufi duwatsun da ke hanyar Gwiwa, rana tsaka, zafi kamar an buɗe tanda. Da suka kai wani rafi busasshe ɗan acaɓan ya taka burki ya ce shi iyakarsa ke nan, ko nawa za a ba shi. Sharfuddeen ya ƙarasa da ƙafa, rungume da kwalin da aka dawo masa da shi, don an ce ya zo da shi.

Wurin tsagin dutse ne, an toshe bakinsa da tsohuwar zana. Ya ce abin da ya fara lura da shi shi ne babu kukan tsuntsu, ko ƙuda babu. Ciki sanyi ƙalau. Tukwane a kife jere da bango, kowacce an ɗaure mata wuya da jan ƙyalle. Ƙahonin rago cushe da gashi, igiyoyi masu ƙulli-ƙulli suna reto ba iska. A tsakiya an rataye tsohon sikeli, duka farantansa biyu wayam, amma ɗaya ya rinjaya har yana taɓa ƙasa. Bokan kuwa ba irin mai warki da jan ido ba ne. Ɗan tsoho ne fes cikin farar riga, kamar mai awon hatsi da ya daina fita kasuwa, da tsohon mudu a gabansa.

"Zauna, ɗan samari. Arziki ka zo nema."

"Ba arziki ba, Baba. Haƙƙina nake so. Wanda ya ce ya saya, to ya saya, kada ya iya fasawa."

Tsohon ya yi murmushi. "Ka san abin da ke sa su fasa?"

"Wulaƙanci ne kawai."

"Dukkansu?"

"Dukkansu."

"To. Aiki ne mai sauƙi, amma ka saurara. Nadama abu ce mai nauyi. In na cire ta daga ƙirjin mai saye ba narkewa take yi ba, sai an sauke ta a wani wuri."

"A sauke ta a daji."

"Daji ba ya numfashi."

Sharfuddeen ya ɗago ya dubi tsohon. Ya buɗe baki zai tambaya, sai wayarsa ta yi ƙara a aljihu, a wurin da ko sabis babu. Ya duba: an sake soke wata oda. Ya mayar da ita aljihu ya ce, "A yi aikin, Baba. Nawa ne?"

"Ba na karɓar kuɗi a kan wannan."

Jama'a, duk ranar da boka ya ce muku ba ya karɓar kuɗi, ku cire takalmi ku ruga. Shi bai ruga ba.

Tsohon ya juye turaren da aka dawo da shi a cikin mudun. Ya kama babban yatsan Sharfuddeen na dama, wanda yake latsa waya da shi, ya tsaga da aska, jini ya ɗiga a kai. Ya barbaɗa wani baƙin gari yana magana ƙasa-ƙasa da wani harshe, sai tukwanen da ke kife suka fara amsawa da gurnani, kamar akwai mutane a ciki. Ya ce Sharfuddeen ya tofa yawu a mudun ya ce "na sallama", yadda mai kaya ke faɗa in ciniki ya faɗa. Yana faɗa, farantin sikelin da ke sama ya sauko a hankali har suka daidaita.

"Duk odar da ta shigo, ka ɗebi kaɗan ka zuba a garwashi ka kira sunan mai ita. Amma a cikin ɗaki, ƙarƙashin rufin da mutane ke zaune. In ka ƙona a waje, ka yi asarar gari."

Da ya dawo gida sai ya rasa inda zai ƙona abin ba a tambaye shi ba. Can dabara ta zo masa. Bahijja tana da wata al'ada a aikinta: ba ta rufe kwalba sai ta ɗebi turaren ta zuba a kasko, ta sunkuya ta shaƙa, ta ji ko haɗin ya yi. Saboda haka kaskonta kullum da wuta, ɗakin aikinta kullum da hayaƙi. Wa zai lura da ɗan ƙari? Sai ya riƙa shiga kamar ya zo duba aiki, ya faki idonta ya barbaɗa, ya ambaci suna a ransa ya fita. A ɗakin nan mahaifiyarsa, Inna Zaituna, take wuni tana taya surukarta tsince kajiji suna hira.

Aiki kuwa ya ci. Tun daga ranar ban sake dawo masa da kwali ba. Shagonsa ya haura sama, oda ta riƙa zuwa daga Kaduna, Abuja, Legas, har 'yan Nijar suna aiko da sefa. Ya buga bene a bayan gari, ya sayi motar kai kaya tasa, ya daina zuwa tasha. In mun haɗu a hanya sai dai ya danna min hon. Da ya tabbata ba mai iya fasawa sai ya ninka farashi, ya rage girman kwalba, ya tura talla ko'ina. Mutumin da ya ce haƙƙinsa kawai yake so!

Inna Zaituna abin ya fara kamawa. Tsohuwar da ko kiran waya sai an danna mata, sai ga ta zaune tana murza yatsa a tafin hannunta tana cewa, "Ya ƙi sokuwa. Me ya sa ya ƙi sokuwa?" Ta daina cin abinci. In an tambaye ta me ke damunta sai ta fashe da kuka ta ce kuɗin makarantar yara ne ta taɓa, mijinta zai sake ta, alhali mijinta ya daɗe a ƙasa. Wata la'asar ta dafe ƙirji a tsakar gida ta ce, "Wayyo, da na sani," ta kife. Kafin a kai ta asibiti rai ya yi halinsa.

Na je jana'iza, na kuma koma gaisuwa. Na same shi a zaure yana karɓar ta'aziyya da hannu ɗaya, ɗaya hannun yana duba oda. Ya gaya wa kansa tsufa ne. Ana share makoki ya koma kan kaskon. Wannan ne har gobe in na tuna raina yake ɓaci.

Sai abin ya koma kan Bahijja ita kaɗai. Tana cikin soya icce sai ta saki ludayi ta yi magana da muryar namiji, tana rantsuwa kuskure ne, yaronsa ne ya danna. An jima ta koma muryar tsohuwa. An jima ta yi Yarbanci, ita da ko Kano ba ta cika zuwa ba. Kowace murya da damuwarta, wannan kuɗin haya ya taɓa, wannan an fasa bikin da ya sa ta yi odar, wannan an kore shi daga aiki, amma duk roƙo ɗaya suke yi, a bar su su fasa. Ta rame, ta daina gane mutane, ta fara yayyage kwalayen da aka naɗe tana cewa a mayar.

Wata murya ta fi kowacce naci, ta wata mata mai cewa sunanta Yasmin, ɗanta ba lafiya. Sharfuddeen ya duba wayarsa, ga sunan nan, daga Kaduna. Nan take ya kira lambarta.

"Hajiya, mai turare ne daga Kazaure. Ko kin so ki soke odar da kika yi?"

Ta ce, "Na so. Ranar da kayan suka iso ɗana yana kwance, kuɗin maganinsa ne a hannuna. Na fita in ce wa mai kawowa ya koma da su, bakina ya ƙi buɗewa. Ina kallon hannuna ya miƙa masa kuɗin. Har yau ban san me ya same ni ba."

"Zan mayar miki, Hajiya. Ninki zan mayar."

"In yi me da su, malam? Mun binne shi."

Ranar ya koma tsagin dutse. Ya faɗi gaban tsohon yana kuka, ya ce a karɓe benen da motar, a warware aikin. Tsohon bai ko ɗaga kai daga mudunsa ba.

"Ka daina ƙonawa, ba mai hana ka. Amma wadda ta riga ta shaƙa, ta shaƙa. In kana so ta fita, je ka gyara wa kowannensu abin da ya lalace. Fara da yaron Kaduna."

Ya daina. Odoji suka koma sokuwa fiye da da, ga shi babu mai haɗa turare, masu kasuwar suka rufe shagon. Mota ta tafi a neman magani, bene ya bi ta. An yi ruƙiyya, an je asibitin masu taɓin hankali, ba abin da ya sauya. 'Yan uwanta suka zo suka ɗauke ta zuwa Babura.

Ni na kai shi ganinta, don lokacin ko kuɗin mota ba shi da shi. Muka same ta a gindin darbejiya a tsakar gidansu, an ɗaure mata ƙafa da zane saboda tana fita. Tana ta surutu da muryoyin mutane. Ya durƙusa a gabanta. Sai ta yi tsit, ta dube shi, idonta ya washe, na rantse da Allah Bahijjar da na sani ce ta dawo.

Ta ce, "Maigida, ka rame."

Ya sunkuyar da kai.

"Abin nan da kake zuba min a kasko, ka daina?"

Ya ɗago a firgice. "Kin sani?"

"Haba maigida. Ni da nake gane turaren da aka rage wa miski daga ƙofar gida? Tun ranar farko na ji warinsa, kamar gashi da jini."

"To me ya hana ki magana, Bahijja? Me ya hana ki?"

"Na ga ka fara cin abinci. Na ga kana dariya da Inna. Na ce bari in ƙara haƙuri kaɗan."

Daga nan idonta ya sake juyewa, wani mutum ya ci gaba da roƙo da bakinta. Ba ta ƙara magana da muryarta ba har Allah ya karɓi abarsa a farkon damina.

Sharfuddeen yana nan da rai, in wannan rai ne. Yana kwana a rumfar tasharmu, mu muke ba shi abinci. Ba ya iya zama inda ake turare, ko a masallaci ne sai ya fita da gudu yana toshe hanci.

Ku masu saye, ku ji tsoron Allah kafin ku danna soke, akwai wadda ta wuni a kan wuta saboda ku. Ku kuma masu sayarwa, ni na ɗauki kwalayen nan, na san zafin abin, ba na raina shi. Amma in kaya suka dawo, ku karɓa ku ce Allah ya musanya, kada kwaɗayi ya kai ku inda ya kai yaron nan. Kwali ko ya lotse ana sake naɗa wani. Ni da hannuna na kama makarar mata biyu daga gida ɗaya, kuma babu wadda ta taɓa soke masa oda a cikinsu.