Delkon Gawar Mota

A shekarar da gero ya ƙone tun bai kai gwiwa ba, gidan Kyari makaniki na cikin ƴan gidajen da ake hura wuta a Birnin Damagaram. Wata tsohuwar motar kaya ce ke ciyar da su. Yakan kai buhunan dawar agaji ƙauyuka, a sallame shi da tiya biyu ko uku. Ranar da motar ta mutu, ya ɗaga kabo, murfin injin, ya ga delko ya tsage, wato abin nan da ke rarraba wuta ga bugi (fulogi), ga baƙin mai na tsiyaya ta gindinsa. Ya zagaye garejin garin kaf bai samu wani ba.

Sai ya tuna da wata gawar mota da ta shekara biyar a hanyar Tirmini, gindin busasshiyar tsamiya. Kyari mutum ne mai hannu, amma ba ya neman izinin kowa. Ko bisimilla bai yi ba ya kwance delkon. Ya ji shi da ɗumi kamar ƙwan da kaza ta tashi a kai, ya ce rana ce.

Saura juwan, ɗan zoben da ke hana mai yoyo. Na roba babu. Ya shiga ɗaki neman fata, ya tarar da ƴarsa Aisa, mai shekara bakwai, tana barcin rana da layar da kakarta ta ɗinka mata a wuya, jar fatar akuya mai laushi. Ya sa reza ya farke, ya cusa takardar da ke ciki a aljihu. Ya yanka zobe, ya jiƙa da mai, ya zaunar da delkon, ya ɗaure wayoyin bugi ɗaya bayan ɗaya. Bugu ɗaya injin ya tashi. A juyin farko wani ɗan siririn kuka ya fito, irin na ɗan kyanwa, ya yanke.

Ana kiran magariba, matarsa Falmata na kwashe tuwo, noti na farko ya faɗo kan kwanon rufi. Sai na biyu. Sai suka yi ta zubowa da zafinsu, ba a ga mai jifa ba. Kaji suka yi tsit. Aisa ta fito tsakar gida ta tsaya, wuyanta ba komai, baƙin mai na bin hancinta. Ta buɗe baki, muryar tsohuwa ta fito.

"Ina ɗana?"

Kwana uku yarinyar ba ta ci ba, ba ta runtsa ba, kanta na juyawa a hankali daga kafaɗa zuwa kafaɗa. A rana ta huɗu Falmata ta taho da Malam Suma'ila daga Tirmini, wani tsoho ramamme wanda ba ya ɗaga murya. Ya zauna da la'asar, ya riƙe ɗan yatsan yarinyar, ya yi ta karatu har inuwa ta rufe tsakar gidan.

"Wace ce ke?"

"Ƴar gudun yunwa ce, kamar kowa. Tsamiyarmu ta mutu, rijiyarmu ta ƙafe. Na shiga ƙarfen da ba mai so, na kwantar da jaririna a wurin da iska ba ta shiga. Wannan ya ɗauke shi ya niƙe da wuta."

"Bai sani ba. Yarinyar kuma ba ta da laifi."

"Da ƙofarta a rufe take, Malam. Tambayi wanda ya farke layar."

Falmata ta juyo ta dubi mijinta. Kyari ya ji takardar nan a aljihunsa ta yi masa nauyin dutse.

Malam ya ci gaba da karatu, aljanar ta yi ta ihu har ta gaji. Ta ce za ta fita, amma da sharaɗi: a mayar mata da delkon inda yake, ta binne ɗanta, kuma motar Kyari kada ta sake tashi har abada. In ba haka ba, da yarinyar za ta tafi.

"Kyari, ka ji," in ji Malam. "Amsa mata."

Kyari ya dubi motar. Ya dubi tukunyar tuwo, ya tuna da maƙwabtan da ke tonon gidan tururuwa suna neman ƙwayar hatsi. Allah ya sani yana son ƴarsa. Amma ya yi shiru, shirun ya yi tsawo har ladan ya fara gyaran murya. Sannan ya ce, "Malam, babu wata hanyar?"

"Baban Aisa!" Falmata ta kurma ihu.

"Na yarda, na yarda!"

Aljanar ta yi dariya a hankali. "Ƴarka tana ciki, tana jin komai. Ni na tafi. Shirun nan naka shi na bar mata."

Yarinyar ta yi atishawa uku ta sulale.

Washegari Kyari ya mayar da delkon da ƙafa. Motar ta zauna a ƙofar gida har tayoyinta suka nutse a yashi, mutanen gidan suka sha yunwa kamar kowa, suka kuma rayu. Aisa ta warke sarai, ta girma, mai ladabi, ba ta taɓa yi masa musu ba. Kullum da safe takan durƙusa nesa da shi, idonta a ƙasa, ta ce, "Ina kwana, Malam Kyari." Ya yi shekara ashirin da biyu yana jiran ta ce Baba, har aka kai shi kushewa.