Harafin da Munzali Ya Cire

Ni Malam Ashemi na koyar da Hausa a firamare har na yi ritaya, don haka kada wani ya ce mini harafi ɗaya ba komai ba ne.

Ranar Talata da yamma, rana ta yi ja, Munzali dillalin filaye ya ɗauke ni a babur zuwa hanyar Kwandere in ga filin da na saya don gina gidan tsufana. Allon bakin hanya ya ce TUDUN SALAMA. Amma da wani ɗan acaɓa ya tambaye shi ina zuwa, sai bakinsa ya kuɓuce, ya ce, "Tudun Sallama."

Na ce, "Salama ko sallama?"

"Haba Baba Malam, ai makaranta ta tashi. Duk ɗaya ne."

Ba ɗaya ba ne. Salama zaman lafiya ce. Sallama kuwa sai an amsa.

Da muka isa ya ƙi kashe babur, ya ƙi sauka. Da haɓa ya nuna mini filin. Wata tsohuwar ganuwa ta jar ƙasa ta kewaye shi, katafila ta fasa mata ƙofa. "Ta yaƙin da ce," in ji shi, yana kallon wani wuri.

Na shiga ni kaɗai. Nan na ga abin da bai kwanta mini ba. Duk ganuwar da na sani, raminta a waje yake, don a tare maƙiyi. Wannan kuwa raminta a ciki. Waɗanda suka gina ta ba shigowar wani suke tsoro ba, fitar wani abu suke tsoro.

A tsakiya akwai baƙin dutse faffaɗa, da tsofaffin tukwane a kife kewaye da shi. Warin manja da tsamin burkutu, alhali ba sawun kowa. Babu tsuntsu, babu gyare. Ƙarar babur ma ta koma kamar daga cikin rijiya.

"Salamu alaikum."

Daga bayana, a hankali, muryar tsoho mai ladabi.

Ɗan Musulmi ne ni. Kafin in yi tunani bakina ya amsa.

Tukwanen suka fara motsi.

"Salamu alaikum." Daga dama. Daga hagu. A bakin kunnena, da numfashi mai sanyi.

Na ruga. Wani abu ya riƙe gefen rigata har ta yage. Na faɗa kan babur, Munzali ya fizge shi.

Ya raɗa, "Ka amsa?"

Ban gaya masa na ji komai ba. Ya aka yi ya san abin tambaya?

Tun ranar, kowace magariba sai an yi sallama a ƙofar gidan da nake haya a Lafia. Na hana kowa amsawa, maƙwabta na cewa ritaya ta sa mini girman kai. Jiya matata Yagana tana kwasar tuwo ta buɗe baki za ta amsa, sai da na toshe mata shi da hannu. Muryar ba daga ƙofa ta fito ba, daga tsakar gida.

Ina so mai unguwa ya ji. A sa Munzali ya toshe ƙofar ganuwar da ya fasa da katafila, ya mayar da harafin da ya cire daga allo, kafin Asabar da zai kai wasu masu iyali can. Idan ya ƙi, zan je ƙofar gidansa da magariba in tsaya, ni da muryar nan mu yi masa sallama.